Kafin a Kai Aku Gareji

Assalamu alaikum Anti mai shawara. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo. Ina ɗauke da wata magana kamar garwashi a tafin hannu, in na riƙe ta ƙone ni, in na yar ta kama gida.

Ni mai buga rubutu ce. Na yi wa lauyoyi, na yi wa ɗalibai masu kammala karatu, babu irin rubutun kaza da ban warware ba. Bara wasu masu bincike suka ɗauke mu aiki, mu uku, duk mata. Bincikensu a kan cutar da yara ne: yawan abin, da kuma tabon da yake bar wa mutum bayan ya girma. Masu tambaya suna zama da manya, maza da mata, waɗanda suka kawo kansu, su ba da labarin yarintarsu a naɗi muryar. Mu kuma sai a kawo mana, mu sa iyafis a kunne, mu saurara, mu buga kalma bayan kalma, har tari da shiru sai mun nuna inda aka yi su. Ba a sa suna, lamba ake ba kowa. Ranar da muka fara sai da muka ɗauki alkawari cewa abin da kunne ya ji a ɗakin nan a nan zai mutu, ko mijinki ba za ki gaya wa ba.

Anti, da ina ganin na san duniya, ashe a bakin ƙofa nake. Na ji tela, na ji direba, na ji malamar asibiti, na ji dattijo mai jikoki yana kuka kamar an yaye shi yau. Abin da ya fi ƙona min rai, da wuya ka ji wanda ya ce baƙo ne ya cuce shi. Uba ne, kawu ne, gwaggo ce, malami ne, maƙwabcin da ake aiken yaro wurinsa ne. Shugabar aikin, Dakta muke ce mata, takan ce ba a wajenmu kaɗai ba ne, binciken ƙasashe da dama haka yake nunawa: abin ya fi yadda ake zato yawa, kuma yana bin mutum har furfura, ya hana shi barci, ya sa shi firgita, ya ɓata masa zama da iyali, wani har ya taɓa masa lafiyar jiki. Ni dai in buga, in ce Allah ya kyauta, in rufe komfuta in tafi gida in ɗora tukunya. A ganina labarin wasu ne.

Akwai ƙa'idar da suke bi. Muryoyin garinmu ana tura su wani ofis a wani gari, mu kuma a kawo mana na can, don kada wata ta gane wani. To mako biyu da suka wuce komfutocin can suka sami matsala, ga lokacin miƙa aiki ya matso, sai mataimakin Dakta ya kwaso na garinmu ya raba mana, wai ai gari da girma, wa zai san wa. Haka kawai, da baki, kamar mai raba goro.

Da hantsi ne, fanka tana kaɗawa, abokan aikina kowace ta duƙufa a kan nata. Na buɗe na gaba a jerina. Mai tambaya ya gama bayanin da ya saba, sai mutumin ya yi gyaran murya, ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ba ta kai ciki ba. Yatsuna suka tsaya cak. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake yin wannan dariyar kafin ya buɗe baki. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya a bayana.

Na san abin da ya kamata shi ne in cire iyafis in miƙe in je wurin Dakta. Amma wa zai ji muryar ɗan uwansa tana rawa ya toshe kunne? Na saurara har ƙarshe, na buga, na miƙa kamar ba a yi komai ba, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Sai na yi miki bayanin gidanmu kafin ki gane. Muna da Baffa, yayan mahaifinmu, shi ne babba tun da mahaifinmu ya rasu. Mai kula da sito ne a wani kamfanin gine-gine har ya yi ritaya, kuma har yau tarin makullai ba ya barin ƙugunsa, tun daga nesa za ki ji shi. A zuri'armu duk yaron da ya cika rawar kai ko ya ƙi karatu, gidan Baffa ake kai shi ya yi 'yan shekaru. Har suna muka sa wa gidan, gareji, wai inda ake gyara. Yaro na yin ƙiriniya sai ki ji an ce za a kai shi gareji a duba masa inji, kowa ya kwashe da dariya. Ana alfahari da shi, wai duk wanda ya ratsa hannun Baffa sai ya dawo kamar ruwa ya cinye shi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin da 'ya'yan cikinsa suka watse nesa, ba mai leƙo shi sai dole.

Ƙanena yana ɗan shekara bakwai aka kai shi, ni lokacin ina makarantar kwana. Ya tafi yaro mai tsalle-tsalle da waƙe-waƙe, ya dawo ko cokali ne ya faɗi sai ya zabura. Shi ya sa aka laƙaba masa Zomo. Yau yana neman arba'in, amma kowa Zomo yake ce masa, har yaran gida Kawu Zomo suke cewa, wasu ma ba su san yana da wani suna ba.

A muryar nan na ji abin da ake yi a garejin. Ya ce Baffa ba ya ɗaga murya ko kaɗan. In ka ɓatar da fensir, ko ka kuskure lissafi, sai ya kama hannunka a hankali ya kai ka wani ɗan sito a ƙarƙashin matakala, inda yake ajiye gwangwanayen fenti da buhunan siminti, ba taga, ya ɗaure maka hannu da wayar lantarki, ya rufe. Wani lokaci daga dawowa makaranta sai washegari, ba ci ba sha. Ya ce ba duhun ne ya fi tsorata shi ba, ƙarar makullan ce, don ba ka sanin buɗe ka za a yi ko ƙari za a yi maka. Akwai wasu abubuwan da hannuna ba zai iya sake bugawa ba.

Sannan ya faɗi wadda ta gama da ni. Ya ce wata rana Mama ta je ganinsa, ta kama hannunsa ta ga shatin waya a wuyan hannun, sabo da tsoho. Ya ɗauka ranar zai koma gida. Sai ta ja masa hannun riga ta rufe wurin, ta ce ya durƙusa ya yi wa Baffansa godiya. Da ya zo hutu kuma ya gwada faɗa ana cin abinci, aka yi ta dariya, Yayarmu ta ce lallai gareji ya yi aiki. Daga ranar bai sake ba.

Anti, yanzu ne nake haɗa abubuwa, kuma kowane na haɗa sai raina ya ƙara ɓaci. Ƙanen nawa mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ne, hannunsa kuwa ba dama. Ya taɓa samun aiki mai kyau a wani kamfani mai manyan ɗakunan sanyi, bai yi wata ba ya ajiye. Gida aka taru a kansa, wai malalaci ne, wai ya yi wa arziki ƙulli. Ashe ɗakin sanyin ne ba ya iya shiga, don ƙofar tana rufe kanta. Matarsa ta tafi, aka ce ya cika baƙin hali. Ashe ita tana so a sa sakata in za a kwanta, kamar kowace mace mai hankali, shi kuma in aka sa numfashinsa ɗaukewa yake yi, kuma ya kasa gaya mata dalili. Mutum yana ta nutsewa a gabanmu, mu muna kan gaɓa muna yi masa ba'a.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ci kukana in yi shiru. To ga inda gizo yake saƙar. Yayarmu tana da 'ya 'yar shekara tara, Aku muke ce mata don bakinta ba ya hutawa. Yarinya ce mai tambaya, in ta ga ba daidai ba sai ta faɗa. Kwanaki ta gaya wa malaminsu a gaban aji cewa ya yi kuskure a allo, kuma wallahi ya yi, aka kira Yaya makaranta aka wanke ta tas. Ga jarrabawa ba ta yi kyau ba. Yaya tana fama da shagon yadi, ga yara biyar, mijinta direban babbar mota ne sai ya yi makonni ba a gan shi ba. Shi ke nan aka yanke: in an koma makaranta ƙarshen watan nan, Aku za ta gareji. An sayi akwati, an ɗinka yunifom ɗin makarantar da ke kusa da gidan Baffa. Shi kuwa tsufa bai rage shi da komai ba, har cewa ya yi a kawo ta, zangon karatu ɗaya ya isa ya koya mata inda ake ajiye harshe.

Ranar da aka yi maganar a falon Mama ina nan, tun kafin in ji muryar. Ƙanena yana tsugune a bayan firijin Mama yana gyara. Yaya na ambaton gareji sai sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe ya fita, bai ɗauki jakar kayan aikinsa ba, bai dawo ba sai da aka aika masa da ita. Aka yi dariya, wai Zomo ya ji motsi. To a ƙarshen hirar nan mai tambaya ya ce masa me ya kawo shi. Ya yi dariyar hancin nan, ya ce akwai wata 'yar yarinya a gidansu da ake shirin kaiwa inda aka kai shi, shi kuma a gidansu bakinsa ba ya buɗuwa, shi ne ya zo ya gaya wa waɗanda ba su san shi ba, ko zai ji sauƙi. Mai tambayar ya yi masa godiya, ya kashe na'ura.

Na gwada bin ta bayan gida. Na ce wa Yaya ni dai hankalina bai kwanta ba, yarinya ce ƙarama, Baffa ya tsufa. Ta ce tun da na fara aiki da 'yan boko na koyo tsirfa, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai mu da aka daka me ya same mu. Na je wurin Mama, na zauna ina kallon hannunta, hannun da ya ja rigar nan. Da na ɗan taɓo maganar sai ta ce kada in jawo mata abin da zai raba zumunci, Baffa ne ya riƙe mu da ubanmu ya mutu. Riƙo! Wallahi Anti ji na yi kamar in kifar da teburin.

Yanzu gaba kura baya sayaki. In na fasa ƙwai na ce ga abin da na ji, na ci amanar aiki, za a kore ni, wataƙila binciken ma ya sami tangarɗa, mutanen da suka amince suka yi magana su ji ashe ba sirri. Sama da duka na tona wa ƙanena asiri a gaban mutanen da suka taɓa yi masa dariya. In na yi shiru, akwatin Aku yana nan a bayan ƙofar Yaya. Jiya ta zo gidana tana nuna min sabon takalminta na makaranta, tana zuba, tana tambayata ko gidan Baffa akwai kyanwa. Na rasa inda zan sa idona.

Ina fushi da Baffa, ina fushi da Mama, ina fushi da Yaya, ina fushi da wanda ya miƙo min muryar nan, ina fushi da wanda ya ji an ambaci yarinya ya kashe na'ura ya tafi cin abinci. Ki gaya min, Anti, in faɗa ko in haɗiye? Kuma ta ina zan fara?

Taki cikin damuwa,
Mai buga rubutu

*

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu. Na karanta wasiƙarki, ni ma sai da na ajiye na sha ruwa. Fushinki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki tsirfa ce. Ɗaure yaro da waya a kulle shi a duhu ba tarbiyya ba ce a kowane gida, a kowane zamani. Zalunci ne, kuma don an sa masa sunan wasa ana dariya bai tashi daga zalunci ba.

Bari in fara ja miki kunne kaɗan. Ko wannan wasiƙar da kika aiko min, yoyo ce a jikin alkawarinki. Na sauya laƙabi da wasu sana'o'i, na cire abin da zai sa a gane ku, amma daga ni kada ki ƙara kai wa kowa, ko aminiya, ko maigida.

Kin ɗauka hanya biyu ce kawai a gabanki, ko ki fasa ƙwai ko ki haɗiye. Ba haka ba ne. Kin haɗa kaya biyu ne a ƙulli ɗaya, shi ya sa ya yi miki nauyi. Labarin ƙanenki nasa ne, ba ki da ikon kai shi falon Mama. Tsare Aku kuwa aikinki ne, kuma ba ya bukatar wannan muryar.

Gobe da safe ki nemi Dakta, ita kaɗai, ki rufe ƙofa. Ki gaya mata an ba ki muryar garinku, kin gane mai ita, kin kuma saurara har ƙarshe. Za ta iya yi miki faɗa kan rashin tashi da wuri, ki karɓa, da gaskiyarta. Amma babban laifin na wanda ya karya ƙa'idarsu ne, kuma gara ta sani tun kafin wata ma ta jiyo muryar mijinta. Sannan ki nuna mata ƙarshen hirar. Duk binciken kirki irin wannan yana da tanadin abin da za a yi in aka ji akwai yaron da ke cikin haɗari yanzu, da kuma inda za a tura wanda ya yi magana ya sami mai taimaka masa. Ba a buɗe wa mutum tsohon ciwo a ce masa an gode a kashe na'ura. Ki nemi su tuntuɓi ƙanenki ta hanyarsu, su sanar da shi kuskuren da suka yi, su ba shi haƙuri, su haɗa shi da likitan da ya san irin wannan damuwa. Haƙƙinsa ne ya san maganarsa ta shiga kunnen 'yar uwarsa, kuma ya fi kyau ya ji daga waɗanda suka yi masa alkawari. Ba zan ce miki aikinki ba ya cikin haɗari ba. Amma mai kai kanta ta fi wadda aka kamo.

Bayan nan ki same shi, ku biyu, a wurin da yake sakewa, ko a bakin shagonsa ne, inda ba ƙofa a rufe. Kada ki yi masa tambayoyi, kada ki yi ta kuka har ya koma shi ne mai rarrashi. Ki ce kin ji, kin yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ba za ki faɗa wa kowa ba sai da izininsa. Zai iya yin fushi, zai iya guje miki na wani lokaci, ki ba shi wuri. Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ki lura, a duk abin da ya faɗa, inda ya fi yi masa ciwo ba sito ba ne, hannun riga ne da dariyar kan abinci. Abin da ya rasa tun yana yaro shi ne mutum ɗaya na gida da zai ce na yarda. Ki zama wannan mutumin. Kuma ki tuna dalilin da ya kai shi wurin masu binciken. Don Aku ya je. Ashe ba ke kaɗai ba ce a wannan yaƙin, ku biyu ne, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Maganar Aku kuwa ba ta jiran kowa, ki fara ta yau. Kin bi ta bayan gida ba ta yi ba, yanzu ki shiga ta ƙofa. Ki sami Yayarki a keɓe, ba a falon Mama ba, ba a gaban yara ba. Kada ki je mata da wa'azi, domin ni ban ga muguwar uwa a wasiƙarki ba. Na ga mace da ta gaji, shago a kanta, yara biyar, miji a hanya, an kunyata ta a makaranta, ta miƙa hannu ga maganin da ta tashi ta ga ana sha a gidanku. In kika ce mata kada ta kai, ba ki kawo madadin ba, kin bar ta da kayanta. Ki ce ta ba ki Aku. Ta zauna wurinki zangon nan, ko ta riƙa zuwa daga makaranta ki duba mata karatu. Mai buga rubutu ba za ta rasa yadda za ta yi da yarinya mai son magana ba. Ki fara shawo kan maigidanki kafin ki je, don kada ki yi alkawarin da ba naki kaɗai ba.

In ta tambayi dalili, kina da hujjojin da idonki ya gani shekara da shekaru, ba sai kin taɓo na iyafis ba. Ki tambaye ta, cikin yaran da aka kai gareji wa ya taɓa cewa a mayar da shi hutu? Me ya sa 'ya'yan Baffa ba sa kawo masa nasu? Shirun da yaro yake dawowa da shi, natsuwa ce ko tsoro? Ki kira mijinta ma, 'yarsa ce, kuma sau da yawa uban da ke hanya ba ya sanin abin da aka yanke sai an gama. In duk sun toshe kunne, ki gaya musu a fili cewa za ki kai magana ga hukumar da ke kula da walwalar yara, kuma ki kai ɗin, Dakta za ta nuna miki ƙofar da ake bi. Za a ce kin raba zumunci, za a yi kwanaki ba a amsa gaisuwarki. Ki daure. Zumuncin da sai an kulle yarinya a ƙarƙashin matakala yake tsayawa, dama can a karye yake.

Game da Mama, ba zan wanke ta ba. Ta gani, ta rufe. Amma ki sa a ranki cewa a lokacin mace ce da mijinta ya mutu ya bar ta da marayu a ƙarƙashin inuwar mutumin nan, kuma mai yiwuwa ranar nan ba ta taɓa barin zuciyarta ba, shi ya sa take saurin kashe maganar. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Hisabin da ke tsakaninta da ɗanta nasu ne, in ya shirya ki tsaya a gefensa, in bai shirya ba kada ki buɗe masa. Baffa kuma ba sai kin je kin yi fito-na-fito da shi ba. Abin da ake bukata ɗaya ne, kada a ƙara miƙa masa yaro, ko na wa ne.

Ke ma ki kula da kanki. Wata da watanni kina zuba kukan mutane a kunnenki kina cewa labarin wasu ne. Ki gaya wa Dakta ku ukun nan kuna bukatar wanda za ku riƙa sauke wa nauyi.

Akwai abu ɗaya da ba ya bukatar izinin Dakta, ko yardar Yaya, ko taron dangi. Wannan laƙabin, daga tabon da aka yi masa aka ciro shi, kuma shekara talatin ana danna masa shi a kullum da sunan wasa. Daga yau ya fita daga bakinki da bakin 'ya'yanki. In kin ɗauki waya anjima, ki kira ƙanenki da sunansa na yanka. In ya yi shiru, kada ki katse, ki jira shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya warkar da shi, ya bar mana Aku da bakinta.